Me ya sa karkataccen kwanon shayi na Japan ya fi na kanti tsada?

Malam, ka ce ka ga hotunan kwanonin shan shayi na Japan, wasu baƙaƙe wuluk, wasu bakinsu a karkace, jikinsu duk tsage-tsage, amma kuɗin da aka sa wa wasunsu ya isa sayen mota. Kana tambaya ko yaudara ce, kuma idan mutum yana son ya mallaki guda, yaya zai bambance na kirki da wanda aka yi don 'yan yawon buɗe ido. Ni aikina yumɓu ne, ina gini ina kuma koyarwa, na zauna a ɗakin shayi na riƙe irin waɗannan kwanoni na sha da su. Don haka amsar da zan ba ka ta mai gini ce da mai sha.

Ba yaudara ba ce, ko da yake kasuwar ba ta rasa mayaudara. Abubuwa biyu ne suka cakuɗe a cikin farashin nan: kyan kwanon a matsayinsa na abin shan shayi, da darajar sunan da ke biye da shi. Na farkon tafin hannunka da leɓenka ne za su gaya maka, hoto ba zai iya ba. Na biyun kuwa sai da akwati da rubutu da masana.

Mu fara da aikin da kwanon yake yi, don daga nan komai ya taso. Shayin da ake sha a zaman shayi na gargajiyar Japan ba dafa shi ake yi a tace ba. Koren ganye ne da aka niƙa ya zama gari lukui, matcha ake ce masa. Mai masauki zai ɗebi kamar giram 2 da siririn cokalin gora, ya zuba a kwanon, ya ƙara ruwan zafi kamar mililita 60 zuwa 70, ya burga da maburgin gora. A cikin kwanon, wanda suke kira chawan, ake haɗawa, a cikinsa kuma ake sha, ga shi ba shi da mariƙi. To ka ga dole cikinsa ya yi faɗin da maburgi zai yi yawo ba tare da tsinkayensa sun karye ba. Dole bangonsa ya tare zafi, tunda da tafi biyu baƙo zai tallabe shi. Dole bakinsa ya zauna a leɓe ba kaifi. Akwai ma abin da mai kallon hoto ba ya taɓa tunani: zoben gindin. Mai masauki yana ɗauraye kwanon a gaban baƙi, ya ɗauke shi da hannu ɗaya, babban yatsa a baki, sauran yatsu a gindi, ya zubar da ruwan. Idan zoben nan ya yi gajarta, yatsa ba zai samu wurin kamawa ba, komai kyan kwanon ya zama wahala. Yawancinsu faɗin bakinsu bai wuce santimita 12 zuwa 13 ba, tsayi kuma wajen 8. Da sanyi ana fito da mai zurfi mai matsattsen baki don shayi ya riƙe ɗumi, da zafi kuma mai faɗi marar zurfi don ya huce da wuri. Sannan akwai shayi mai kauri, koicha, wanda ba a burga shi ya yi kumfa, cuɗa shi ake yi a hankali, kuma a al'ada baƙi kan sha shi daga kwano ɗaya, kowa ya kurɓa ya goge inda ya sa baki ya miƙa wa na kusa. Don wannan shayin ake ajiye kwanonin da suka fi daraja, galibi marasa zane.

Abin da zai ba ka mamaki, kwanonin da aka fara girmamawa a Japan ba a Japan aka yi su ba, kuma ba su da karkata ko kaɗan. Daga ƙasar Sin aka kawo su, daga tanderun Jian a lardin Fujian, zamanin daular Song. Baƙaƙe ne masu ƙyalli, siffarsu daidai wa daida, ana ce musu tenmoku. A cikinsu akwai wasu da ɗigo-ɗigo masu walƙiyar shuɗi suka fito a jikinsu a cikin wuta. Uku ne irinsu da ba su fashe ba aka sani a duniya, dukkansu suna Japan: ɗaya a gidan tarihi na Seikado a Tokiyo, ɗaya a na Fujita a Osaka, ɗaya a haikalin Daitokuji a Kiyoto. Sarakuna da manyan mayaƙa da irin waɗannan kayan Sin suke nuna isa.

Juyin ya zo ne a ƙarni na 15 da na 16, ta hannun mutane irin su Murata Juko da Takeno Jo'o, sannan Sen no Rikyu, ɗan gidan 'yan kasuwa daga garin Sakai, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1591. Su ne suka ƙanƙanta ɗakin shayi, suka rage kwalliya, suka fara ganin kyau a kayan da ba su da ƙyale-ƙyale. Idonsu ya faɗa kan kwanonin Koriya, musamman irin da ake kira Ido: launin ƙasa-ƙasa, ga sawun yatsun magini a jiki, ruwan ƙyallin da aka shafa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya a kusa da gindi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Kizaemon, yana haikalin Daitokuji shi ma. Mutane da yawa sun rubuta cewa kwanon cin shinkafar talaka ne kawai a Koriya, wasu masana kuma suna musun hakan. Ko ma dai yaya ne, maginin da ya yi shi sunansa ma ba wanda ya sani.

Rikyu bai tsaya ga tsintar abin da wasu suka yi ba. A shekarun 1580 ya sa wani mai yin tayil ɗin rufi a Kiyoto, Chojiro, ya gina masa kwano wanda tun daga farko don shayi aka yi shi. Nan aka haifi irin kwanon da ake kira Raku, kuma a nan nake so in daɗe, don wanda ya gane yadda ake yinsa ya gane rabin amsar tambayarka.

Ba a ɗora shi a kan faifan juyi, wato faifan da magini ke juyawa yana gina kwano a kai. Magini zai daddaɓe yumɓu ya zama faifai mai kauri, ya sa tafukansa biyu ya riƙa tattaro gefen sama a hankali, yana matsowa ciki, har ya zama kwano. Shi ya sa idan ka ɗauke shi sai ka ji ya zauna a hannunka, domin a cikin hannu ya samu siffarsa. A wannan matakin yana da kauri da nauyi ƙwarai. Sai a bar shi ya sha iska ya yi tauri kaɗan, sannan a ɗauko 'yan wuƙaƙen ƙarfe da na gora a shiga fiƙe shi ciki da waje. Nan ne gwaninta take. Ana kankare wani wuri ya yi siriri, a bar wani da kauri, a zurfafa tsakiyar ciki kaɗan inda ragowar shayi zai taru, a sassaƙo zoben gindi daga jikin yumɓun. Bayan gashin farko sai a shafa ruwan ƙyalli. Na baƙin Raku daga wani dutse ake niƙo shi, wanda ake samu a kogin Kamo na Kiyoto, kuma shafa bisa shafa ake yi, ana bari yana bushewa.

Gashin kuwa ɗaya-bayan-ɗaya ake yi. Tanderun ƙarami ne, a cikinsa akwai wata tukunya mai murfi inda ake sa kwano guda, a kewaye ta da gawayi, a yi ta zuga da zugazugi har zafi ya kai wajen digiri 1200. Magini yana leƙawa. Da ya ga ruwan ƙyallin ya narke yadda yake so, sai ya sa doguwar awartaki ya ciro kwanon yana ja zur, ya ajiye shi a fili ya huce. Wannan saurin hucewar ita ke ba da baƙin. In ka duba cikin baƙin Raku sau da yawa za ka ga ɗan tabon inda awartaki ta cije shi, kuma ba a ɗaukarsa aibi. Tunda bai daɗe a wuta ba, yumɓun bai narke ya zama dutse ba, ya rage da ƙananan ƙofofi. Wanda ya san yadda randa ke tsatsafo da ruwa ya san irin jikin da nake nufi. Shi ya sa ba shi da nauyi, shi ya sa zafin shayi ke isowa tafinka a matsayin ɗumi, kuma in ka ƙwanƙwasa shi ba ya ƙara irin ta tangaran. Koren shayi mai kumfa a cikin wannan baƙin, a ɗakin da haskensa kaɗan ne, abu ne da har yau ban gaji da kallonsa ba.

Chojiro ya rasu a 1589, amma gidan bai mutu ba. Iyalin Raku suna nan a Kiyoto, a 2019 magaji na 16 ya karɓi sunan gidan, Kichizaemon, kuma tun 1978 suna da gidan tarihi kusa da inda suke aiki. Yumɓun da magajin yau yake gini da shi kakanninsa ne suka haƙo suka ajiye, shi kuma yana tara wanda jikokinsa za su yi aiki da shi. Idan ka ga kwanon gidan nan da tsada, har da wannan kake biya.

Yanzu ga maganar karkata, wadda a ganina ita ce inda aka fi ruɗar masu saye. Kwanonin Chojiro ba karkatattu ba ne. Je ka duba hoton baƙin nan nasa da ake kira Oguro, ko jan da ake kira Muichimotsu. Natsattsu ne, ba abin da ke neman ido a jikinsu. Karkatarwa da gangan ta yi ƙarfi ne bayan Rikyu, zamanin almajirinsa Furuta Oribe, wanda ya mutu a 1615. Shi ne ya so kwanonin da aka matse bakinsu, aka yi musu zane mai ƙarfi, waɗanda ake yi a yankin Mino. Har waɗannan ma, in ka burga shayi a cikinsu za ka tarar maburgi na da wurin yawo, kuma akwai gefen da baki zai sha lafiya. Magini ne da ya iya yin daidai ya zaɓi ya kauce. Abin da ya cika shagunan intanet yau kuwa sau da yawa aikin wanda bai iya daidaita bango ba ne, ya lotsa gefe ɗaya, ya zuba ruwan ƙyalli ya dalalo, ya sa masa tsada. Wani ma a cikin mazubi mai siffar kwanon ake zuba shi, ɗari su fito da lotsawa iri ɗaya a wuri ɗaya. Wannan yana ɓata min rai, domin yana sa mutane su ɗauka rashin iyawa ne ake sayarwa.

Masu shayi suna da wani jeri da suke faɗa: Raku na ɗaya, Hagi na biyu, Karatsu na uku. Biyun na baya suna da tarihin da bai kamata a rufe shi da kyan kwano ba. Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, wanda Rikyu ya yi wa hidima kuma wanda ya umarce shi ya kashe kansa, ya kai yaƙi Koriya daga 1592 zuwa 1598. Da dakarunsa za su koma, sun tafi da maginan Koriya masu yawa. Wasu 'yan'uwa biyu daga cikinsu ne suka kafa tanderun Hagi a ƙarƙashin gidan sarautar Mori a farkon ƙarni na 17, kuma hannun Koriyawa ne ya bunƙasa Karatsu a tsibirin Kyushu, da dogayen tanderu masu hawa gangaren tudu ɗaki-ɗaki.

Hagi shi ne nake ba mai farawa shawara ya nema. Yumɓunsa mai laushi ne, launinsa daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa mai ɗan ja, ruwan ƙyallinsa cike da 'yan siraran tsaga kamar gashi. Waɗannan tsage-tsagen da ka gani a hoto ba fashewa ba ce. Ruwan ƙyalli da yumɓu ba sa tsukewa daidai da juna in suna hucewa, shi ne fatar ke tsattsagewa. Shayi na shiga ta cikinsu yau da gobe, launin kwanon ya yi ta sauyawa, har mutanen wurin suna cewa Hagi na rikiɗa sau bakwai. Kwanon da aka sha shayi da shi shekara goma ba ya kama da ɗan'uwansa da aka ajiye a kabad. Karatsu ya fi shi tauri, sau da yawa da ɗan zanen ciyawa da aka ja da burushi sau biyu ko uku. Wani irin kuma, Shino, fari ne mai kauri, da 'yan ramuka da jan wuta a gefe. An daɗe ana zaton a garin Seto aka yi tsofaffinsa, sai a 1930 Arakawa Toyozo ya tsinci gutsurensa a wani tsohon tanderu a Mino, ya shafe rayuwarsa yana farfaɗo da shi. Kwanonin garuruwan Bizen da Shigaraki kuwa ba a shafa musu komai, tokar itacen da ke tashi a cikin tanderu tsawon kwanaki ita ke sauka ta narke a jikinsu. Ina son su a ido, amma ƙaiƙayin cikinsu yana cin maburgi, don haka ba su zan fara saye ba.

Wannan sana'a ta taɓa mu ta wata hanya mai nisa. Bernard Leach, Baturen Ingila, a Japan ya koyi gini, ya koma Ingila ya kafa wurin aikinsa a 1920 tare da Hamada Shoji. Almajirinsa Michael Cardew ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga a 1954.

Sai batun suna, inda manyan kuɗin suke. Kwanon kirki ba ya tafiya shi kaɗai. Yana da akwatin katako mara nauyi wanda aka yi daidai shi, magini ya rubuta a murfin ya buga hatiminsa. Idan shugaban ɗaya daga cikin gidajen shayi uku da suka fito daga zuriyar Rikyu, wato Omotesenke da Urasenke da Mushakojisenke, ya duba kwanon ya raɗa masa suna ya rubuta a cikin murfin, farashi ya tashi nan take. Idan tsoho ne, ana bin sawun waɗanda suka mallake shi hannu zuwa hannu. Kwano ɗaya, da akwatinsa da babu, bambancin kuɗin na iya ninkawa sau da dama. Ka kuma san cewa a duk Japan kwanonin shayi takwas ne kacal gwamnati ta sa a matsayi mafi girma na dukiyar ƙasa: biyar na Sin, ɗaya na Koriya, biyu kawai na gida, wato Fujisan na Hon'ami Koetsu da wani Shino mai suna Unohanagaki. Tunda akwati na ɗaga farashi, akwati ma ana yin jabunsa, ana kuma sa sabon kwano a tsohon akwati. Saboda haka idan ka ga wani a intanet yana sayar da aikin gidan Raku ko na wani shahararren magini a kuɗin da aljihunka zai iya, ka wuce kawai. Wannan fagen na waɗanda suka shekara suna riƙe na gaske ne.

Abin da za ka iya yi, kuma ya fi daɗi, shi ne ka sayi aikin magini mai rai wanda bai yi suna ba tukuna. Suna da yawa a Hagi da Karatsu da Mino da Kiyoto, kuma kuɗinsu mutum na iya biya. In kwanon yana gabanka, yi yadda baƙi suke yi a ƙarshen zama: cire zobe da agogo, ka zauna ƙasa, ka dafa gwiwar hannu a cinya, ka riƙe shi kusa da tabarma yadda ko ya suɓuce ba zai yi nisa ba. Ji nauyinsa. Na kirki yakan fi yadda ido ya zata sauƙi, nauyin kuma yana ƙasa. Zagaya bakin da yatsa. Shafa cikin, kada ka ji tudu ko kaifin da zai kama maburgi. Sannan ka kifa shi ka kalli gindi, don nan ne kaɗai yumɓun yake tsirara, nan ne sawun wuƙar magini yake, nan kusa kuma hatiminsa yake. Wanda aka zuba a mazubi gindinsa sumul yake ba rai, wani lokaci har da siririn layin inda mazubin ya haɗu. In daga nesa za ka saya, ka nemi hoton gindi da na ciki da na murfin akwati, ka tambayi faɗi da tsayi da nauyi. Mai sayarwar da ya ƙi nuna maka gindi, ka bar masa kayansa.

Hattara da abu biyu. Akwai wani gashi da maginan Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1960, su ma suna ce masa raku, inda ake jefa kwano mai zafi cikin garin katako ko takarda ya sha hayaƙi, ya fito da walƙiyar tagulla. Na ado ne, kada ka sha komai a ciki. Na biyu, ruwan ƙyallin wasu kwanonin da ake gasawa a ƙaramar wuta, musamman tsofaffi, yana da dalma a ciki. Ka tambaya kafin ka saya, kuma irin wannan kwano kada a zuba masa lemo ko tsamiya ko wani abu mai tsami, kada kuma a bar abin sha ya kwana a ciki.

Idan ya iso hannunka, kafin kowane amfani ka zuba masa ruwan ɗumi ya ɗan jiƙa, don kada busasshen yumɓu ya zuƙe shayi lokaci ɗaya ya yi dabbare-dabbare. Bayan sha ka ɗauraye da ruwan ɗumi da hannunka, ban da sabulu, domin Raku da Hagi suna riƙe ƙamshi, shayinka na gaba sabulu zai yi. In ya fashe kada ka sa masa gam na kanti. A Japan ana liƙe shi da ƙaron wani itace, a bi layin da garin zinariya, aiki ne na makonni kuma yana da masu yinsa. Abin da ya fi kashe waɗannan kwanoni shi ne gaggawar mayar da su akwati. Fatar takan bushe alhali cikin yumɓun da sauran laima, sai ya yi fumfuna da warin da ba ya fita da sauƙi. Ka goge shi, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke wucewa na wasu kwanaki, da damina ma ka ƙara masa, kafin ka naɗe shi a ƙyallensa ka rufe.